Abincin Sa Daban, Na Kaza Daban

 Yau mun zo muku da wata magana wadda wasu za su ce ba ta shafi wannan takarda tamu ba, domin zancen kaji ne, mu kuwa mutanen shanu ne. Amma duk wanda ke zama da mu a rumfa bayan an tashi kasuwa, ko a Maraɗi ne ko a Mai'aduwa ko a Maigatari, ya san cewa hirar ba ta ƙarewa sai an taɓo kaji. Wannan ya ce uwargidansa ta zuba 'yan tsaki ɗari, wancan ya ce ɗansa da ya gama makaranta ya gyara tsohon garke ya zuba ɗari uku. Kuɗin kuwa daga aljihunmu suke fita, asarar ma a kanmu take faɗawa.

Dalilin shigarmu wannan kiwo ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, da yawanmu mun zauna da dabbobi a hannu babu hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ga faɗuwar Naira a kan sefa, wadda ta sa mutum kan kai sa Kudu ya sayar, in ya canza kuɗin ya ga bai mai da uwa ba. A irin wannan hali mutum kan nemi abin da zai riƙa juya masa 'yan kuɗi a cikin gida. Sa na turka kan ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin ya cika ido, kazar nama ta gidan gona kuwa cikin mako shida ko bakwai ta isa yanka. To, nan ne kwaɗayin ya shigo.

Bari mu fara da namu kuskuren, don kada a ce muna wa'azi daga kan tudu. A gidanmu an zuba 'yan tsaki 200 da niyyar a sayar da su a Ƙaramar Salla. Mako biyun farko an ba su abincin buhu na kamfani, suka tashi gwanin sha'awa. Da muka ga yadda buhu ke ƙarewa kamar ana zuba shi a rijiya, sai muka dubi ɗakin ajiyarmu, ga kulin angurya da dusar shinkafa jibge waɗanda muka saya domin bijimai. Muka ce wa yara, abin da ya mai da ramammen sa ya zama kamar giwa, ai ba zai kasa da kaza ba. Aka niƙa kulin, aka haɗa da dusar, aka gauraya rabi da rabi da abincin kamfani. Ba a yi kwana goma ba sai kajin suka tsaya cik, gashinsu ya tashi, kashinsu ya zama ruwa, kowace safiya a ɗauke biyu ko uku. Salla ta zo ta wuce, waɗanda suka rayu ba su kai kilo ɗaya da rabi ba. Likitan dabbobin da muka kira ya fasa cikin biyu daga cikin matattun, ya dubi abincin, ya murza shi a tafin hannu, ya ce mana: "Alhaji, kun ciyar da kaji abincin shanu." Daga ranar muka shiga tambaya, abin da muka samo kuwa shi ne za mu shimfiɗa muku a nan.

Tumbin sa da ƙundun kaza

Kowane mahauci ya san cikin saniya kashi huɗu ne, babban cikinsu shi ne tumbi. A cikin tumbin nan akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da kara da ƙaiƙayi da harawa, su mai da su abin da jiki zai ɗauka. Saniya ta ci, ta kwanta ta yi tuƙa, abincin ya daɗe a cikinta kwana da kwanaki. Waɗannan halittu har wasu dafi sukan ɗaure su rage musu ƙarfi kafin su shiga jini. Kaza ba ta da wannan gata. Ƙundu gare ta da gajeren hanji, abin da ta ci da hantsi kafin la'asar ya fita. Duk abin da ya cika kaushi wucewa kawai yake yi, ya cika mata ciki ba tare da ya ƙara mata nama ba.

Sannan kazar nama ta yanzu ba irin kazar Hausa ba ce mai tone-tone a bola. Iri ce da aka daɗe ana zaɓa domin saurin girma. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe da nauyin giram 40 ko fiye kaɗan yana iya wuce kilo biyu cikin mako shida. Jikin da ke gudu haka yana son abinci mai ƙarfi. Masana sun ce a makonni uku na farko abincin ya ƙunshi sinadarin gina jiki, wato furotin, kashi 22 zuwa 23 cikin ɗari, daga nan zuwa yanka kashi 18 zuwa 20. Masara zalla ba ta wuce kashi 8 zuwa 9. Saboda haka dole a nemo abin da zai cike giɓin, kuma a nan ne saura-sauran injin mai da na niƙa suke da amfani, in an san wanda za a ɗauka da kuma gwargwadonsa. Abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon, don haka neman sauƙi a wajen ba laifi ba ne.

Angurya

Mu fara da wadda muka fi sani. Tun farin 1984 da yawan makiyaya suka saba da angurya da kulinta, kuma har yanzu ba mu da abin turka da ya fi ta. Tana zuwa mana daga wajen Funtuwa da Gusau, 'yan'uwanmu na Kamaru suna samun ta daga masana'antar Sodecoton a Garwa, na Chadi kuma daga yankin Mundu. In ka fasa ƙwayar angurya ka duba da kyau za ka ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cikin naman ƙwayar. A cikinsu ne wani dafi yake, wanda masana ke kira gosifol. Babban sa mai cikakken tumbi yana jure masa. Ɗan maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba ba ya jurewa, kaza ma haka. Dafin yana hana ta cin abinci, ya tsai da girmanta, ya raunana zuciya da hanta. In kaza mai ƙwai ce, kwaiduwar takan canza launi ta yi kore-kore in ƙwan ya kwana biyu a ajiye.

Akwai kuma bambanci tsakanin kuli da kuli. Wanda aka matse da ɓawonsa da sauran audugarsa, wato irin da muka fi saya wa shanu, furotin ɗinsa bai cika wuce kashi 25 ko kusa da haka ba, sauran kaushi ne. Wanda aka ɓare kafin a matse yakan kai kashi 36 zuwa 40. Shawarar da muka samu, kuma muka tsaya a kanta, ita ce kada a ba 'yan tsaki angurya ko kaɗan. In sun wuce mako huɗu, kuma an sami ɓararren kuli, to kilo 5 cikin kilo 100 na haɗi ya isa. Masu haɗa abinci sukan sa wani garin sinadarin ƙarfe domin ya ɗaure dafin, amma wannan sai da ma'aunin likita. Wanda ba shi da mai auna masa, ya bar wa bijimai anguryarsu.

Kafin mu bar ɗakin ajiyar shanu, ga wani gargaɗi. Wasu buhunan abincin shanu da dunƙulen lasa ana sa musu yuriya, irin ta taki, domin halittun tumbi suna iya mai da ita furotin. Kaza ba ta da hanyar amfana da yuriya, cutar da ita kawai take yi. Duk buhun da aka haɗa domin shanu ko tumaki, kada a buɗe shi a ɗakin kaji.

Tunkuza da ƙuli-ƙuli

Ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce, daga Kano mai tsohuwar dala har zuwa Maraɗi da Damagaram. Abin da ya rage bayan an matse mai, wato tunkuza, yana da furotin kashi 40 zuwa 45, kaushinsa kaɗan ne, kaji kuma suna son sa. A cikin duk kayan da ke kusa da mu babu wanda ya fi shi dacewa da kaza. Amma yana da illa guda wadda ta isa ta shafe garke, ita ce funfuna.

A shekarar 1960 a Ingila talotalo kusan 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni, aka rasa gane ciwon. Da aka bi sawu sai aka tarar da cewa garin gyaɗar da aka sayo daga Burazil ne, wanda wata funfuna ta kama ta zuba masa dafi. Daga nan duniya ta san dafin da ake kira afilatoksin. Funfunar tana son zafi da laima, wato yanayin ɗakunan ajiyarmu da damina. Tana kama gyaɗa tun a gona in fari ya taɓa ta, ko in an tara ta ba ta gama bushewa ba, tana kuma kama masara da angurya. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade cewa kada dafin ya wuce kashi 20 cikin biliyan a abincin kaji, ka ji ƙanƙantar abin da ke iya yin ɓarna. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi. Yana lalata hanta, yana karya garkuwar jiki, har ka ga an yi wa kaji rigakafin gumboro a kan lokaci amma ciwon ya zo ya kwashe su, a ɗora wa mai allura laifi alhali abincin ne.

Abin lura a nan shi ne yadda ake yi a wasu wurare: a tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, a tura ruɓaɓɓiya da tsumburarriya injin mai. Tunkuzar da ta fito daga irin wannan gyaɗa ita ce mai araha, ita ce kuma mai dafi. Don haka in za ka saya, fasa dunƙulen ka duba cikinsa, ka shinshina. In ka ga kore-kore ko baƙi-baƙi, ko ka ji warin ɗaki mai laima, ko ka ɗanɗana ka ji ɗaci, bar shi ko da kyauta ne. Kada kuma ka ce bari in juya wa shanu, domin dafin yana fita a nonon saniya, yaranmu ne za su sha, likitoci kuwa sun tabbatar yana cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin hanta ga mutum. Ido ba ya ganin dafin kansa, shi ya sa ya fi kyau mutum ya riƙe injin guda da ya san irin gyaɗar da suke matsa. Akwai garin ɗaure dafi da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, yana taimakawa, amma ba ya mai da ruɓaɓɓen kaya ya zama mai kyau.

Ƙuli-ƙulin ci da mata ke soyawa a gida shi ma a yi hattara da shi. Ana sa masa gishiri, wani har da barkono. Kaza ba ta son gishirin da ya wuce giram 300 cikin kilo 100 na abinci. In ya yi yawa sai ta yi ta shan ruwa, ɗaki ya jiƙe, 'yan tsaki su kumbura su mutu. In daga wurin mata za a saya, a roƙe su tunkuza tsura kafin su sa gishiri, a shanya ta ta bushe ƙarau. Wannan gargaɗin ya haɗa da kanwa, wadda muka saba jiƙa wa shanu: ba a sa wa kaji.

Waken suya da dusar awara

Gyaɗa tana da wani gibi: wasu sinadarai biyu da jikin kaza ke buƙata domin gina tsoka, laisin da metiyonin, sun yi ƙaranci a cikinta. Waken suya yana da laisin mai yawa, saboda haka haɗa su biyun ya fi ɗaya ita kaɗai. Kulin waken suya na masana'anta yana da furotin kashi 44 zuwa 48, ƙwayar da ba a matse ba kuma wajen kashi 37 tare da mai. Amma ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana hanji narkar da furotin. Zafi ke kashe shi. A soya shi a kasko ana juyawa har ya yi ja-ja, ya yi ƙamshi, in ka tauna ba ka ji gafin ɗanyen wake ba. Kada a bari ya ƙone, domin ƙonewa tana cinye laisin ɗin da aka saye shi dominsa.

Dusar awara kuwa tana ko'ina yanzu, kusan kowace unguwa akwai mai yin awara, kuma da araha take bayarwa. Abu biyu za a sani. Na farko, kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinta ruwa ne, in ta kwana a bokiti ta yi tsami. Na biyu, mata kan tace ta ne kafin su ɗora ruwan a wuta, wato ita dusar ɗanya ce. A baza ta siriri a kan tabarma ran da aka karɓo ta, in ta bushe a ɗan soya ta, sannan a sa kaɗan a haɗin manyan kaji.

Dusa iri-iri

Dusar alkama da ke fitowa daga manyan injinan fulawa tana da furotin kashi 15 zuwa 16, kuma ita ce ta fi tsabta a cikin dusoshi. Duk da haka ba ta da ƙarfin ƙwaya. Kilo 5 cikin ɗari ga ƙanana, 8 zuwa 10 ga manya, shi ne iyakarta. Dusar masara da ta hatsi da ake samu a wurin surfe ba su wuce kashi 10 ko 11, amma sukan zo da ɓarɓashin ƙwaya, wanda ke ƙara musu ƙarfi. Matsalarsu ita ce ana yayyafa ruwa wajen surfe. In aka ɗure su a buhu da laimarsu, cikin kwana biyu za ka sa hannu ka ji zafi, funfuna ta fara aiki ke nan.

Dusar shinkafa ita ce ta fi ruɗar mutane, mu ma ita ta ruɗe mu. Abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai dusa ta ainihi, mai laushi kamar gari, wadda ake gogewa daga jikin ƙwayar, tana da furotin kashi 12 zuwa 13 da mai mai yawa. Akwai kuma ɓuntu, wato ɓawon waje, wanda kaushi ne zalla haɗe da wani abu mai kama da rairayi, yana kankare hanjin kaza. Manyan injina irin na Kano da Kabi da na bakin kogin Isa a yankin Tilaberi suna raba su, kowane ya fita ta bakinsa. Ƙananan injinan ƙauye kuwa wuri ɗaya suke zubo su. Wasu 'yan kasuwa ma da gangan suke niƙa ɓuntu ya yi laushi su gauraya, wannan algus ne, kuma mai yinsa ya san hukuncinsa. Gwajin mai sauƙi ne: murza a tsakanin yatsu, in ka ji tsini-tsini ɓuntu ne. Ko ka zuba kaɗan a kofin ruwa ka motsa, ɓuntu zai taso sama, rairayi ya kwanta ƙasa. Ita dusa mai kyau ma ba ta jure ajiya, man cikinta yana lalacewa da zafi cikin 'yan makonni ta yi maƙaƙi. Ta shinkafar da aka turara ta fi daɗewa. Shi ɓuntu yana da nasa amfani a ɗakin kaji, a shimfiɗa shi a ƙasa ya tsotse laima.

Kayan Kurmi

A nan ne mu fatake muka fi kowa dama. Motar da ta sauke shanu a Legas ko Ibadan sau da yawa takan juyo da fili a bayanta. A can ne manyan injinan fulawa suke, a can ne kuma ake samun kulin ƙwarar manja, wanda ke da furotin kashi 15 zuwa 18. Wannan kuli shanu suna amfana da shi sosai. Ga kaza kaushinsa ya yi yawa, sau da yawa kuma akwai ɓarɓashin ƙwarya mai tauri a ciki, don haka kilo 5 zuwa 10 ga manyan kaji kawai, in an tankaɗe.

Akwai kuma ɓawon rogo, wanda ake tara shi tuli-tuli a wuraren yin garin rogo. Ɗanyensa yana da dafin da ke cikin rogo mai ɗaci, wanda ke kashewa nan take. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan tare da cibiyar binciken dabbobi ta ILRI sun fito da hanyar sarrafa shi: a goge shi a inji, a matse ruwan, a tankaɗe, a busar. Garin mai laushi da ya fito yana iya maye gurbin wani ɓangare na masara, amma furotin ɗinsa bai wuce kashi 5 ba, saboda haka ba ya maye gurbin tunkuza. In ba wanda aka sarrafa haka ba ne, a bar shi.

Duk wanda zai ɗauko irin waɗannan kaya a motar shanu, ya sa a wanke motar ta bushe, a shimfiɗa tampol, domin fitsari da kashin shanu suna jiƙa buhu tun kafin a iso Kwantagora. Ya kuma tambayi ma'aikatan kwastan da na duwan abin da aka yarda a ƙetara da shi a wannan lokaci, domin dokokin fitar da kayan abinci suna canzawa a ɓangarorin biyu. Kada kuma a haɗa kaji masu rai da buhunan abinci a mota guda. Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna a watan Fabrairu, kafin watan ya ƙare ta iso Magarya.

Haɗin da muke yi yanzu

Makonni ukun farko ba ma wasa da su, abincin buhu na kamfani muke bayarwa tsura, domin ɗan tsakon da ya tsumbure a farko ba ya kamo 'yan'uwansa. Abin da suke ci a lokacin ma kaɗan ne, kusan kashi uku cikin huɗu na abincin da kaza za ta ci a rayuwarta bayan mako na uku take cinsa, nan ne sauƙin yake. Daga mako na huɗu muke shigo da namu haɗin, a hankali cikin kwana uku ko huɗu, ana ƙara namu ana rage na kamfani. A cikin kilo 100 muna sa masara kilo 54, soyayyen waken suya 16, tunkuza 14, dusar alkama 8, dusar masara 4, garin ƙashi 3. Kilo ɗayan da ya rage ya ƙunshi gishiri giram 300, garin bitamin na kajin nama giram 250, metiyonin giram 250 da laisin giram 200. Wannan yana ba da furotin wajen kashi 19. Ku lura, dusa duka kilo 12 ce cikin ɗari, mu da muka zuba kusan rabi a karon farko.

Da sikeli ake aunawa. Tiya ma'aunin cika ce, tiyar dusa ba ta kai rabin nauyin tiyar masara ba, wanda ya haɗa da tiya ya haɗa da ka. Ƙananan garin nan na kilo ɗaya a fara cuɗa su da masara kilo biyar, sannan a zuba cikin babban tuli a juya da shebur sau uku ko huɗu, in ba haka ba wata kaza ta cinye gishirin goma. Kada a haɗa abin da ya wuce na mako biyu, a kuma ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Kayan kowane gari da nasa ƙarfi, saboda haka kafin mutum ya ɗauki wannan haɗi namu ya kai wa likitan dabbobi ko malamin gona ya duba masa da irin kayan da ke kasuwarsu.

Lissafin buhu da lissafin nama

Mu da muka iya kallon sa mu faɗi kuɗinsa, a nan muka yi lissafin yara. Mu ɗauki misali. A ce kilo ɗaya na cikakken abinci dala 80 ne, dusa kuma dala 30. Kazar da ta ci cikakken abinci kilo 4 ta kai kilo biyu cikin mako shida, ta ci dala 320. Wanda ya gauraya rabi da rabi, kilonsa ya koma dala 55, yana murna. Amma kazarsa sai ta ci kilo 6 ko fiye, ta yi mako tara kafin ta kai wannan nauyi, ta ci dala 330 ke nan. Ga ruwa da magani da wahalar mako uku, ga waɗanda suka mutu a hanya, ga kasuwar Salla ko ta Kirsimeti da ta wuce shi. Abin da ya kamata mutum ya tambaya shi ne nawa ya kashe kafin ya sami kilo ɗaya na nama. Hanyar sani kuwa ita ce a kama kaji goma kowane mako a ɗora a sikeli a rubuta, a rubuta kuma abin da suka ci. In mako ya wuce nauyi bai motsa yadda ya kamata ba, a binciki abinci kafin a ruga sayen magani.

Muna da roƙo ga shugabannin ƙungiya. Da yake da yawanmu muna sayen dusa da tunkuza domin shanu da kaji duka, me zai hana a riƙa haɗa kuɗi a saya kai tsaye daga injinan da aka amince da su, a ware na shanu daban na kaji daban, a rubuta a jikin buhu? A taro mai zuwa kuma a gayyato likitan dabbobi, kowa ya zo da ɗan samfurin abin da yake bayarwa a duba a gaban jama'a. Matanmu da 'ya'yanmu su ne ke cikin ɗakin kajin safe da yamma, don haka wanda ya karanta wannan takarda ya kai gida ya karanta musu.

A gidanmu an sake zubawa sau uku bayan wancan karon, kuma alhamdu lillahi an mai da abin da aka rasa. Kulin angurya yana nan a ɗakinsa, an sa masa kwaɗo, mabuɗin yana hannun yaron da ke kula da bijimai. Wanda ya gwada wani abu da ba mu ambata ba, kamar tunkuzar riɗi ko dusar aya da ke da yawa a yankin Maraɗi, muna roƙonsa ya rubuto wa wannan takarda abin da ya gani, da nauyin kajinsa mako-mako, domin sauran 'yan'uwa su amfana.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu zango lafiya ya dawo da mu lafiya. Wassalam.